Sun Cire Saniyar Wada

Da sunan Allah za ni fara, don abin da ya faru a zaurenmu ranar Alhamis ba a ba da shi sai da bisimilla. Masu damuna da saƙo kuna tambayar ko Baba ya yarda ko bai yarda ba, ku nemi wuri ku zauna. Ni a tsaye na ji amsar, bayan ƙyaure, da ludayin fura a hannu.

Ga wadda yau ta fara karanta ni: sunana Sa'adiyya, shekarata ashirin da uku, a Isa nake, ina ɗinki a ɗakin Inna da keken da ya girme ni. Babana malami ne, allo da safe, Islamiyya da yamma. Mutum ne da idan ya yi gyaran murya a tsakar gida kaji ma sukan daina tono. Wanda nake so kuma Sagiru ne, ɗan Sabon Birni. Ya bar makaranta a aji biyu na sakandare saboda, in ji shi, benci yana cizonsa. Ya yi kabu-kabu, ya sayar da fetur a kwalba, ya gwada kiwon zabi suka watse cikin daji suka bar shi. Yanzu yana da shagon caji da turi: ka kawo wayarka, ya cika maka ita da wuta da finafinai.

Baba ya riga ya faɗi tasa tun farkon damina. "Ba ni yi miki dole," in ji shi, "amma ɗiyata ba ta zama gidan mai tura ma mutane 'yan tsana." Ya ba ni zuwa ranar da za a gama shigar da gero rumbu in fito da mai sana'a, in ba haka ba zai saurari mutanen Kamaluddeen, wani ma'aikacin sakatariya da Gwaggona take talla kamar sabon sabulu. Kullum ta zo gidanmu sai ta gaya mini yana da fanka a ofis. Yanzu kuwa dammunan gero sun fara shigowa a amalanke.

Sai dai kafin in kai ku zaure, dole in ba ku labarin Wada Kan-Bushiya, don shi ya haɗa ni da Sagiru, shi kuma ya kusa raba mu.

Duk wanda ya tashi tsakanin Isa da Sabon Birni ya san shi. Tsohon katun ne na Japan, wani yaro mai gashi tsaitsaye kamar ƙayar bushiya, da takobin da ya fi shi tsawo. Mu da Hausa muka gan shi, kuma murya ɗaya ce take yin kowa. In Wada ne ta yi kauri, in budurwarsa ce a toshe hanci, in dodo ne sai ka ji ana dukan bokiti. Labarin kuwa, an sace saniyar uban Wada, wadda da ita za a biya sadakin budurwarsa 'Yar Tozai, shi ne ya ɗauki takobi ya shiga duniya nemanta. Ya je Tsamaye, ya bi ta Kurawa, ya tsallaka har Maraɗi. Kashi ashirin da biyar, daga kaset ya koma faifai, daga faifai ya koma memori, hoton duk ya yi dishi-dishi. A gidan maƙwabta na kalle shi, don a gidanmu ko sunansa ba a faɗi. Ni har na shekara goma sha biyu na ɗauka mutanen Japan sun san Tsamaye.

Wurin da kowa ya fi so yana kashi na tara. Ana tsakiyar faɗa a kan dutse, Wada ya ɗaga takobi, sai muryar wata tsohuwa ta taso daga nesa: "Sammani, fito ka ba jakin nan ruwa, rana ta yi." Sai komai ya yi tsit. Minti biyu cur ana sara da suka babu mai magana, sannan Wada ya dawo yana haki. Mun sha musu a kan tsohuwar nan. Wasu su ce aljanar dutsen ce, wasu su ce kakar Wada ce, Sammani kuma sunansa na yanka. Ba a taɓa nuna fuskarta ba, shi ya sa ta fi kowa kwarjini.

To bana sai aka ce mutanen Japan sun sake yin sa sabo fil. Sagiru ya hau babur ya je wani tudu wajen iyaka inda sabis ɗin Nijar yake kamawa, ya yi kwana uku yana zarya kafin ya sauke kashi ashirin da shida. Ya naɗe memorin cikin ledar zare ya ba direba ya kawo mini kamar kayan ɗinki.

Ba ni ɓoye muku, kyau kam akwai. Gashin Wada har motsi yake in iska ta kaɗa. Amma na kalli kashi biyar ina karanta Turancin da ke ƙasa, babu saniya. Wai ɓallin tauraro yake nema. Budurwar wai gimbiya ce, ba ta da alaƙa da Tozai. Na tsallake zuwa na tara, ga dutsen, ga takobin, babu tsohuwa. Na kife wayar a kan keke na ɗauki almakashi, na yanke hannun rigar mutane ba daidai ba.

Sabis ɗinmu yakan zo ya tafi, don haka faɗanmu a dunƙule yake isa. Sau da yawa fushina yakan same shi bayan na riga na huce. Ga yadda ta kaya:

"Sun ɓata shi."

"Sun gyara shi dai. Kin ga ruwan saman nan? Har janye wayata na yi kada ta jiƙe."

"Ina saniya?"

"Sa'a, babu saniya tun asali. Mai fassarar ne bai jin abin da suka cewa, ya shirya nashi."

"To ya fi su hankali. Wane ɗan kirki ka barin gida don tauraro? A dafa shi za a yi?"

"Ke ba katun kike so ba, ƙuruciyarki kike so."

"In ka ce sabon ya fi, kai da Kamaluddeen duk ɗaya."

"Ni ba ni da fanka."

Kwana biyu ban kula shi ba. A na uku ya turo mini sauti yana dariya, wai ya yanko muryar tsohuwar ya sa ta zama ƙarar kirana, duk sanda na buga sai ta ce a ba jaki ruwa. Na ce ya cire, ya san sunan Babana ke nan.

"Sammani nawa ne a ƙasar Gobir?"

"Guda ne za shi ba ka aure."

Ya ce ya ji, zai cire. Ku riƙe wannan alkawarin, za mu dawo kansa.

Inna ce ta samo mana ranar da Sagiru zai zo gaban Baba. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Malam, ko akuya za ka ƙi saye, ai ka duba haƙoranta." Baba ya ce, "Shi zo Alhamis bayan azahar, shi koma da rana." Kun san hanyarmu da ɓarayin daji, ba a bin ta da yamma.

Ranar na sa atamfata ruwan ganye mai zanen ƙwarya, na ɗaura ɗankwali sau huɗu, na zuba hijabi a kai, alhali babu wanda zai gan ni. Inna ta dama fura da nono mai kauri a kwanon baƙi, aka kai zaure. Na leƙa ta hudar ƙyaure na ga Sagiru yana kafe babur. Shaddar yayansa ya aro, ruwan toka, hannayen sun haɗiye yatsunsa. Hular ta zauna a kan kunnuwansa. Turaren da ya zuba kuwa, akuyarmu da ke ɗaure a ƙofar gida sai da ta yi atishawa.

Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa nesa da buzun Baba. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Sabon Birni, aka tambayi amfanin gona. Sannan Baba ya ajiye carbi a gwiwa.

"Mi kake yi?"

"Caji, Allah shi gafarta Malam."

"Sai mi?"

"Da turi."

"Turin mi?"

"Karatu. Da wa'azi."

"Sai mi?"

Na rufe ido ina cewa a raina, tsaya nan, ɗan mutane, tsaya nan. Amma Sagiru yana da ciwo guda, bai iya ƙarya ba. Shi ya sa kabu-kabu bai karɓe shi ba, fasinja ya tambaye shi ko birki na ci sai ya gaya masa gaskiya.

"Da finafinai. Da katun."

"Aji nawa ka tsaya?"

"Biyu, Malam."

"Sana'a nawa ka taɓa?"

Sai da ya ƙirga da yatsun da ke cikin hannun riga. "Wagga ta huɗu."

Baba ya gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar da yake yi wa ɗalibin da ya zo babu hadda. "Yaro, wanda bai iya zama kan benci ba, ƙaƙa za shi zauna da mace?"

A daidai nan kuma shaiɗan ya tuna mini da waya. Ya cire tsohuwar? Ya kashe wayar ma kuwa? Sai na yi wani lissafi da har yau nake jin kunyarsa: bari in buga, in a kashe take za a gaya mini, hankalina ya kwanta. Abin da zai faru in a kunne take, wannan ɓangaren ban kai gare shi ba. Kada ku tambaye ni, ni da na gama sakandare.

Na danna.

Mutumin da yake wuni kusa da janareta ba ya rage ƙarar waya. Daga can ƙasan aljihun shaddar aro, murya ta cika zauren:

"Sammani, fito ka ba jakin nan ruwa, rana ta yi."

"Na'am, Iya," in ji Baba.

Har ya dafa ƙasa zai tashi.

Sagiru yana ta lalube, aljihun ba nasa ba ne, bai san zurfinsa ba. Ni kuma yatsana ya sandare, na kasa katsewa. Tsohuwa ta sake kira. Ban san sanda Inna ta zo bayana ba, sai ji na yi an zare wayar daga hannuna. Ba ta katse ba ita ma. Ta bari aka kira na uku, sannan ta danna.

Na ce shi ke nan, Sa'adiyya, je ki koyi zama ƙarƙashin fanka.

Sagiru ya kifa goshi kusan ƙasa. "Malam, na tuba. Ba da ku nike ba, wallahi wani katun ne na da..."

"Sake sa ta."

"Na'am?"

"Na ce sake sa ta."

Ya samo wayar da ƙyar, ya kunna. Baba ya karkata kunne kamar mai sauraren ɗalibi yana biya karatu. Da ta ƙare ya sa bakin hannun riga ya goge ido. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba, ko ranar da ƙanƙara ta kashe mana gero.

"Shekara ashirin da huɗu ban ji muryar nan ba," in ji shi. "Ko hotonta ba mu da shi." Ya ja numfashi. "Jakin ma ƙin sha ya yi. Ya sa na bar faɗa kan dutse don banza."

Iya kakata ce, ta rasu kafin a haife ni. Ludayin ya suɓuce daga hannuna ya faɗi ƙasa.

Sagiru ya ɗago kai a hankali, hular ta gangaro kan girarsa. "Malam... ku ne?"

Baba ya ɗauki carbi ya fara ja da sauri kamar bai ji ba. Sai Inna ta matso jikin ƙyaure. Ba ta shiga ba, surukuta ba ta bari, da mijinta kawai take magana, amma da muryar da za a ji har bakin titi.

"Ka gaya mishi, Malam, ko ni in gaya ma ƙyauren ga shi ji?"

"Ke, koma ciki."

"Cikin nike." Ta gyara tsayuwa. "Ƙyaure, akwai wani yaro da ya gudo daga makarantar ubanshi, ya liƙe gidan kallo yana ɗaukar musu batir. Anka kawo kaset daga Maraɗi da Faransanci, shi ko gaisuwarsu bai iya ba. Ya je Tozai neman aure, anka ce ba a ba wanda bai da ko saniya. Shi ne ya dawo ya ɗauki makirfo."

"Ya isa."

"Duk abin da Wada ya gaya ma 'Yar Tozai, ƙannena ka zuwa kasuwa su kallo, su dawo su biya mini a bakin rijiya. Duk garin an san da ni ake, ban da babana. Shi har dariya yake yana cewa Allah shi ba yaron ga saniyarshi."

Na juya na dubi Inna. Matar da nake gani kullum da zanin aiki da toka a hannu, ashe ita ce mai dogon gashin nan da ake toshe hanci a yi muryarta. Ta harare ni. "Rufe baki, ƙuda za shi shiga."

Na rufe bakin, na koma leƙen zaure. Can Baba ya yi gyaran murya, amma wannan karon ko kaza ɗaya ba ta daina tono ba.

"Na ji yara na faɗin wai sun yi sabo."

"Sun yi, Malam."

"Ka gani?"

"Duka."

"Wanne ya fi?"

Nan na fara addu'ar da ban taɓa zaton za ni yi ba: Allah ka sa Sagiru ya yi ƙarya, sau ɗaya tak. Ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma.

"Zane, sabon ya fi, Malam, nesa ba kusa ba."

Na jingina da bango. Shi kuwa Sagiru bai tsaya nan ba.

"Faɗa ma sabon ya fi. Dodonsu ba bokiti ba ne."

Inna ta ce, "Wanga yaro bai son aure."

"Amma sau guda na kalle shi ban koma ba," in ji Sagiru. "Naku kuwa babu ranar da ba a zuwa shago nemanshi. Tsoho shi zo, soja shi zo, mai jego ta aiko. Kuma ban taɓa jin wanda ya ce ba a nuna saniyar ba. Akwai masu rantsuwa sun gan ta. Wai fara ce mai baƙin kunne."

"Ja ce," in ji Baba.

Ya faɗe ta da irin muryar da yake gyara wa ɗalibi wasali. Sai kuma ya ji abin da ya faɗa, ya kawar da kai, kafaɗunsa suka fara girgiza. Baba yana dariya. Ni da Inna muka dubi juna.

"Kashi nawa sunka yi?"

"Ashirin da shida."

"Ni ashirin da biyar sunka zo hannuna. Kafin na ƙarshen shi iso an ɗaura mini aure, na koma gaban allo." Ya miƙa wa Sagiru kwanon furar da kansa. "Sha. Sannan ka ji sharuɗɗa. Muryar Iya, ka sa mini ita cikin wayata kafin ka tashi. Na biyu, in maganar ga ta kai kunnen ɗalibaina, na san bakin da ta fito. Na uku, duk Alhamis ka zo nan mu yi karatu. Babu benci, tabarma ce, ba ta cizo."

"Na yarda, Malam."

"Ban gama ba. In za ka zo, ka taho da kashin ƙarshen, da makirfo. Ba a barin yaro shina yawon neman saniya shekara ashirin da biyar. In mun gama, magabatanka su zo."

Sagiru ya shanye furar nan tas, har da ta gemun da bai da shi. Da zai fita ya sa takalmi a juye, ya tada babur ya manta hula a zaure. Ni kuma na koma ɗaki na zauna gaban keke ina murmushi kamar wadda aka biya kuɗin ɗinkin Sallah tun azumi bai kama ba. Da la'asar na ji tsohuwa tana kira daga ɗakin Baba, ƙasa-ƙasa, sau uku. Inna dai ta ɗebi ruwa ta kai wa akuya.

Da na so in tsaya nan. Amma yau da hantsi sabis ya dawo, saƙonnin Sagiru suka zubo guda bakwai a jere. Shida duk godiya ce da tambayar hula. Na bakwai ya ce:

"Sa'a, akwai matsala. Ke ba ki kai ƙarshe ba. A kashi na ashirin da shida 'Yar Tozai wani take aure, ba Wada ba. Wani mai farin gashi. Ana nuna bikin ƙiri-ƙiri, Wada na tsaye gefe shina ɗaga musu hannu. Ranar Alhamis Malam za shi gani, Inna na bayan ƙyaure. In ce memorin ya lalace?"

Na leƙa tsakar gida. Inna tana sheƙar gero tana 'yar waƙa a hanci, ta sa ɗankunnen da ban ga ta sa ba tun sunan autanmu. Baba kuma yana ɗaki ya rufe ƙofa, ina jin yana gwada kaurin murya, yana tari, yana sake gwadawa.

Na rubuta masa: "Kai da ba ka iya ƙarya ba, kada ka fara da Babana. Kawo shi yadda yake, ka kashe sautin. Mutumin da ya sa saniya inda babu saniya har mutane suka ga kunnenta, auren mai farin gashi ba ya gagarar shi warwarewa."

Saƙon yana nan da alamar agogo a gefensa, sabis ya sake ɗaukewa. Saura kwana shida.